Yadda na yi aikin mastas ɗina a kan lektin ɗin VIP36 a gilan ɗin yawun ɓera, tun daga furofozal har difens

Na rubuta wannan ne saboda ƙannenmu da suke shigowa digiri na biyu a Anatomi ko Bayokemistiri suna sha'awar aikin cikin ƙwayar halitta, musamman waɗanda za su taɓa antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ake sa wa nama a lab ya kama furotin ɗaya takamaimai ya nuna inda yake, don ni lokacin da na fara babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga abin da ake fara yi ga wanda ke biye masa, kowane ofis sai ka isa bakin ƙofarsa sannan za ka ji takardar da ake so ka zo da ita. Aikina a kan gilan ɗin yawu ne na ɓera, wanda ake kira farotid, wato wannan na gaban kunne da yake kumbura in yaro ya kamu da hangum. Ƙwayoyin da ke cikinsa aikinsu kenan dare da rana su ƙera furotin, mafi yawa amiles mai narkar da sitaci, su tara shi cikin 'yan jakunkunan ajiya a saman ƙwayar, in an fara tauna abinci su zazzage cikin bututu ya fito baki. Tambayar da na ɗauka ita ce ta yaya ƙwayar take tantance wane furotin zai bi hanyar fita wane zai tsaya a ciki, kuma mene ne rawar wasu furotin masu kama sukari da ake ce wa lektin a wannan tantancewar. Na yi a wata jami'ar gwamnatin tarayya a arewa, kuma mun shigo ne bayan dogon yajin aikin 2022 da ya ci wata takwas, don haka kowa a gaggauce yake, malamai da ɗalibai.

Matakin farko zama da sufabaiza ne, kuma gaskiya nan ne aka yi rabin aikin duk da a lokacin ban ɗauke shi haka ba. Malamina bai yarda mun yi maganar kayan aiki ba sai da ya sa na zana masa hanyar furotin a allo da hannuna. Ana ƙera furotin ɗin da za a fitar ne a ER, wannan tarin tantanin da ya cika ƙasan ƙwayar, kuma tun yana shiga ake liƙa wa da yawansu wata sarƙar sukari mai guda 14, gulukos 3, mannos 9, sai wasu 2 a gindi. Ana yanke gulukos ɗin ɗaya bayan ɗaya, wasu furotin biyu na ER, kalneksin da kalretikulin, su riƙe furotin ɗin muddin saura gulukos ɗaya har sai ya naɗu daidai, in ya naɗu aka cire na ƙarshen sai sarƙar ta zama mai yawan mannos zalla, to wannan ita ce alamar da lektin masu ɗaukar kaya suke karantawa. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ERGIC-53, wanda ɗakin binciken Hans-Peter Hauri a Basel ta Suwizalan suka bayyana a 1988, sunan ƙwayar gadonsa, wato gene, LMAN1. Shi a tsaye yake cikin tantani, kansa na ciki yana kama mannos in akwai kalsiyam, jelarsa ta waje kuma tana da wata gajeriyar alama KKFF, FF ɗin ne ke kama rigar COPII mai fitar da kaya daga ER, KK ɗin kuma ke kama COPI mai komowa da shi baya. Malam ya ce min, "Malama, ki ɗauke shi kamar motar haya da ke jigila tsakanin tasha biyu, ta yi lodi a nan, ta sauke a can, ta dawo ba kowa." Abin da ke sa ya sauke kayan shi ne canjin yanayi, a ER pH yana wajen 7.2 zuwa 7.4, da an matsa gaba wajen Golji, tashar da kayan ke zuwa bayan ER, sai tsami ya ƙaru riƙon ya saki. Kuma abin ba labari ba ne kawai, a 1998 ƙungiyar David Ginsburg a Michigan ta Amurka suka nuna cewa mutanen da LMAN1 ɗinsu ya lalace suna fama da ƙarancin sinadaran daskarar da jini guda biyu a lokaci ɗaya, na 5 da na 8, saboda ba mai fito da su daga ER yadda ya kamata, a 2003 kuma aka gano abokin aikinsa MCFD2 wanda lalacewarsa ke kawo ciwo iri ɗaya.

Ni dai da ERGIC-53 na so na yi aiki saboda ya fi suna, amma Malam ya karkato da ni zuwa ɗan uwansa VIP36, wanda sunan ƙwayar gadonsa LMAN2 ne, ɗakin binciken Kai Simons a Heidelberg ta Jamus suka fara samo shi a 1994 a ƙwayoyin ƙodar kare da ake renonsu a kwano. Dalilinsa shi ne wasu masu bincike a Japan a 2003 da 2004 sun ba da rahoton ganin VIP36 a ƙwayoyin farotid na ɓera har cikin jakunkunan ajiya bayan Golji, kuma sun ce yana manne da amiles ta hanyar sarƙar nan mai yawan mannos. Shi VIP36 ya fi kama sukari a wuri mai ɗan tsami, pH wajen 6 zuwa 6.5, wanda ya yi daidai da yanayin Golji, saɓanin ERGIC-53. To sai muka tsara cewa zan duba inda VIP36 da amiles suke zama a ƙwayar da ta cika da ajiya, sannan in yi wa ɓera allurar isofirenalin da ke sa ƙwayar ta zazzage kusan duk jakunkunanta cikin awa 1 zuwa 2, in sake dubawa a lokacin da take wayam da kuma lokacin da ta fara sake tarawa. In VIP36 yana cikin jakunkunan ne ya kamata tabonsa, wato launin da antibodi ke fitarwa inda yake, a saman ƙwayar ya ragu tare da na amiles, in kuma zamansa tsakanin ER da Golji ne ya kamata ya tsaya inda yake.

Daga nan sai seminar ɗin furofozal a sashe. Ana so ka kai kwafi ga kodinetan fiji, wato karatun gaba da digiri na farko, tun kafin ranar, da rasit ɗin kuɗin makaranta na zangon, in babu rasit ba za a sa sunanka a jerin ba ko da malaminka ya sa hannu. Ranar na shiga da faɗuwar gaba sosai. Taken da na kai yana cewa zan nuna yadda VIP36 ke tantance amiles, wani Farfesa dattijo ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce, "'Yata, madubin maikuroskof da ke ɗakin nan namu iyakar ganinsa nawa ne?" Na ce ranka ya daɗe wajen nanomita 200. Ya ce to 'yar jakar COPII faɗinta nanomita 60 zuwa 90 ne, su mutanen Japan da madubin elektiron suka yi aikinsu da ɗigon zinare, ke kuma da madubin haske za ki yi, za ki iya ganin jakunkunan ajiya tunda sun kai kusan maikuron 1, za ki iya cewa tabon yana sama ko yana kusa da nukiliyas, amma ba za ki iya cewa wannan ya kama wancan ba. Aka sa na mayar da taken zuwa inda VIP36 da amiles suke zama kafin da bayan zazzagewa. A ranar na ji ciwon abin, na ga kamar an rage wa aikina daraja, amma wannan gyaran shi ya tsare ni a gaban mai jarrabawa na waje daga baya, kuma ina ganin duk wanda zai yi irin wannan aiki a nan gida ya auna takensa da na'urar da yake da ita a hannu tun kafin ya hau mumbari.

Sai kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji. Wannan ba a sashe yake ba, yana da ofishinsa daban, ka biya kuɗin fom ta Remita ka kai rasit, ka cike fom ɗin, ka haɗa da furofozal ɗin da aka gyara da wasiƙar shugaban sashe da sa hannun sufabaiza. Tambayoyin fom ɗin suna bin ƙa'idoji ukun nan da aka kafa tun 1959, ko za a iya yin aikin ba da dabba ba, ko za a iya rage yawansu, ko za a iya rage musu wahala. Suna son ka faɗi ɓera nawa a kowane rukuni da dalilin wannan adadin, nauyinsu, jinsinsu, inda za su zauna, wa zai yi allurar, yaya za a kashe su, ina za a kai gawar. Ni na rubuta rukuni 4 kowanne ɓera 5, maza, farare irin Wistar. Inda takardun mutane da yawa suke maƙalewa shi ne hanyar kashewa, wasu suna kwafo kulorofom daga tsofaffin tesis na laburare, kwamitin kuma ya daina karɓar wannan, allurar barci mai ƙarfi ake so a hannun likitan dabbobi kuma a rubuta sunansa a fom. Kwamitin ba kullum yake zama ba, in takardarka ta shiga bayan sun tashi sai zama na gaba, ni na jira fiye da wata biyu. Lambar amincewar da za su ba ka ka adana ta sosai, za ta shiga babi na 3 kuma duk mujallar da za ka aika wa aikin sai ta nema. Kuma kada ka taɓa ɓera kafin takardar ta fito, suna duba kwanan wata.

Wannan jiran shi ne lokacin da ya kamata a yi odar antibodi, kuma nan ne kuɗin aikin yake gaba ɗaya. Ba a yin su a Najeriya, sai ta hannun dillalan kayan lab da ke Legas ko Abuja, su ba ka takardar farashi ka biya su yi odar daga Turai ko Amurka ko Sin. 'Yar kwalba ɗaya mai maikurolita 100 a lokacin tana kai wa dala 300 zuwa 500, ni kuma biyu nake buƙata, ta VIP36 da ta amiles, ga kit ɗin da ke fito da launi. Odar tawa ta faɗo daidai lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 a 'yan kwanaki, takardar farashin da aka ba ni ta mutu a hannuna aka sake wata, sai da mahaifina da yayana suka haɗa min cikon, wallahi har yau in na tuna ranar da na kira gida sai jikina ya yi sanyi. Waɗanda suka zo bayanmu a farkon 2024 sun tarar da dala wajen 1,500. Kafin ka biya ko sisi ka buɗe takardar bayanin antibodin a intanet ka karanta da kanka, kada ka bar wa dillali. Ka nemi sunan LMAN2 don wasu kamfanonin da shi suke sayarwa, ka tabbata an rubuta yana aiki a ɓera babba ba a mutum ko ɓeran gida kaɗai ba, ka tabbata an gwada shi a naman da aka sa a kakin farafin, don akwai wanda a Western bulot, gwajin da ake yi da niƙaƙƙen nama, kawai yake aiki. In kana son ka ga furotin biyu a yanka ɗaya dole antibodin biyu su fito daga dabbobi daban, ni ta VIP36 daga zomo ce ta amiles daga akuya. Na guji wadda aka yi a jikin ƙaramin ɓera saboda antibodi na biyu, wanda ake ɗorawa ya kama na farko ya fito da launi, yana iya kama na jikin babban ɓeran ma, sai tabo ya cika ko'ina. Kayan sun ɗauki kusan wata uku kafin su iso, a cikin akwatin kumfa da ƙanƙara, kuma ranar da suka iso na raba kowace kwalba ƙanana-ƙanana na sa a firiza mai sanyin -20 a wani lab da ke da sola, saboda narkewa da sake daskarewa shi ke kashe antibodi, kuma da yadda ake ɗauke wuta firizar sashe ba abin dogaro ba ce.

Sai da antibodi ya shigo hannu sannan na sayi ɓeraye, kuma haka nake ba kowa shawara, don na ga wata 'yar ajinmu da ta fara sayen nata tana ciyar da su wata da watanni suna tsufa suna ƙiba har nauyinsu ya wuce abin da ta rubuta wa kwamiti. A gidan dabbobi na jami'a za ka nuna takardar amincewa, ka biya kuɗin keji, kowane ɓera a lokacin ya haura naira 2,000, abincinsu irin na kaji ne mai ƙwaya-ƙwaya, shimfiɗarsu kuma dusar katako ce da nake karɓowa wajen masu yankan katako. Ana barinsu sati 2 su saba da wurin kafin a taɓa su. Daren da za a yi aiki ana ɗauke musu abinci a bar ruwa, saboda ɓera da dare yake ci, in ya ci ya riga ya zazzage amiles ɗinsa kafin gari ya waye, sai rukunin da kake kira cikakke ya zama rabin wayam. Shi isofirenalin gari ne, a ranar ake narka shi a rufe shi daga haske, in ya fara canza launi zuwa ja-ja ya lalace. Adadin da za a yi ka ɗauko daga aikin da aka buga ka kai wa likitan dabbobi ya duba da nauyin kowane ɓera, don maganin yana bugun zuciya sosai.

Ranar fiɗa ita ce ranar da na fi gode wa Allah da Baba, tsohon ma'aikacin lab ɗin histoloji da ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Farotid na ɓera ba dunƙule yake ba, shimfiɗe yake fari-fari a gefen wuya zuwa ƙasan kunne yana kama da kitse, kuma dab da shi akwai wani gilan mai ɗan duhu, mai kyan siffa, wanda ido ke fara kaiwa kansa, shi kuma na hawaye ne ba na yawu ba. Ga kuma 'yan kaluluwa a wurin. Baba ya tsaya a kaina da tsinken ƙarfe yana nunawa, ya ce "'yata kin ga wannan mai kyan, bar shi, ɗalibai da yawa sun yanka shi sun rubuta tesis a kansa, naki ga shi nan wanda bai da fasali." A madubi ma su biyun suna kama da juna in ba ka lura da bututun ba, shi ya sa yanka na farko daga kowane bulo muka yi masa rinin H da E, rinin gama-gari mai nuna fasalin nama, muka tabbatar farotid ne kafin a ɗiga masa antibodi mai tsada. Naman da an cire sai cikin farafomaldehaid kashi 4, wanda na haɗa da kaina, ana narka garin a ruwa mai zafin 60 da ɗigon soda a daidaita pH zuwa 7.4, kuma a wurin da iska ke fita don yana yaji a ido da ƙirji. Ban yi amfani da fomalin ɗin jarka da ake ajiye gawa da shi ba. Naman bai wuce kwana ɗaya a ciki ba, in ya daɗe wurin da antibodi zai kama yana toshewa. Daga nan alkohol hawa-hawa, zailin, kaki, sai yanka a maikurotom kauri maikuron 4 zuwa 5.

Akwai ƙananan abubuwa a rinin antibodi da ba a rubuta su a babi na 3 na kowa amma su ne aikin. Silayid ɗin da aka saba shafa wa farin ƙwai ba ya riƙe yanka in aka dafa, kuma dole a dafa don wurin da antibodi zai kama ya buɗe, a ruwan sitiret mai pH 6.0, mu a tukunyar matsi muka yi a kan risho, don haka sai silayid masu caji, sun fi tsada amma babu makawa. Na biyu, kuma wannan ya shafi gilan ɗin yawu musamman, ƙwayoyin farotid suna da nasu enzayim ɗin feroksides, kuma launin ruwan ƙasa na DAB, sinadarin kit ɗin da ke nuna inda antibodi ya kama, da feroksides ake fito da shi, to in ba ka kashe na jikin naman da haidurojin feroksaid ba za ka iya ganin ruwan ƙasa daidai inda kake fatan ganin VIP36 alhali ba shi ba ne. Bututun gilan ɗin kuma suna da bayotin nasu, shi ya sa na sayi kit marar bayotin. Kowane zagaye sai na bar silayid ɗaya ban sa masa antibodi na farko ba, in shi ma ya yi launi to zagayen duka ya tashi a banza. Antibodi na farko yana kwana a kan yanka a firij mai sanyin 4 cikin akwati mai danshi, don haka sai na zaɓi daren da na tabbata akwai man janareto, wani lokaci da kuɗina. Yawan ruwan da za a tsarma antibodin ma sai ka gwada hawa-hawa, abin da kamfani ya rubuta mafari ne kawai, kuma ka yi gwajin a kan yankan da ba na lissafi ba. Na kuma yi rini da Con A, lektin ɗin wani wake da ke kama mannos, don in ga inda sarƙar mai yawan mannos take taruwa, da silayid ɗin da aka haɗa Con A da metil mannosaid ya toshe shi a matsayin shaida.

Ganin furotin biyu a yanka ɗaya da launi mai ƙyalli ya buƙaci madubin da babu a sashenmu, sai da na je wata cibiya a wani gari da wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, na biya kuɗin benci, aka ba ni rana. Silayid masu ƙyalli suna dusashewa, don haka a can ya kamata a yi rinin ƙarshe ko a tafi da su a naɗe cikin takardar alminiyam a kula mai sanyi, kuma ka je da filashi babba ka karɓi hotunan na asali da ma'aunin tsawo a jikinsu, mai jarrabawa zai tambayi ma'aunin. Abin da na gani dai shi ne amiles ya cika saman ƙwayoyin a rukunin da bai sha allura ba, ya kusan ɓacewa bayan allura, ya fara dawowa a rukunin ƙarshe, wannan ya fito sarai har na ji hawaye ya zo min. VIP36 kuwa tabonsa ya fi ƙarfi a saman nukiliyas inda Golji yake, akwai kuma mai rauni a saman ƙwayar da ya ragu bayan allura, na kusa da nukiliyas ɗin bai tafi ko'ina ba. Iyakar abin da na rubuta kenan.

Bayan seminar na biyu da difens na cikin gida da gwajin satar rubutu a makarantar fiji, sai jiran mai jarrabawa na waje, wanda ba a kiransa don mutum ɗaya sai an tara ɗalibai, wannan jiran ma ya ci watanni kuma kana biyan kuɗin makaranta in sabon zango ya shigo. Farfesan da ya zo ya san fannin ƙwarai. Tambayarsa ta farko ita ce ko na san cewa wasu sun samu VIP36 yana zagaye ne tsakanin ER da farkon Golji kawai, kuma ɗakin Hauri a 2010 sun nuna in aka rage shi fitar wani furotin mai suna alfa-1 antitirifsin sauri take ƙarawa, wanda ke nuna wataƙila aikinsa komar da furotin da bai gama gyaruwa ba ne baya maimakon tura shi gaba. Na ce na sani ranka ya daɗe, yana babi na 2, kuma hotunana ba za su raba wannan gardamar ba. Ya sake tambaya, in lektin ne ke kai amiles jakar ajiya, yaya za a yi da amiles ɗin yawun mutum da wani kasonsa ba shi da sarƙar sukari ko kaɗan amma yana fita? Na ce wannan yana nuna lektin ba shi kaɗai ba ne, akwai masu ganin furotin masu yawa irin amiles suna bin ruwa ne kawai su shiga sabuwar jaka su dunƙule a ciki, sannan a tsince waɗanda ba na wurin ba a fitar yayin da jakar ke nuna, kuma a farotid wannan bayanin yana da ƙarfi. Ya gyaɗa kai ya ce in ƙara shafi a kan haka a babi na 5. Da na bar taken farko da ke cewa zan nuna yadda VIP36 ke tantancewa, a wannan tambayar aikin zai rushe.

Gyaran bai yi yawa ba, mai jarrabawa na cikin gida ne ke sa hannu cewa an yi, sannan ɗauri, sannan zagayen sa hannu na sufabaiza da shugaban sashe da shugaban makarantar fiji, da kiliyarans na laburare da ofishin kuɗi, ka riƙe duk rasit ɗinka tun na zangon farko don za a nema. Ga wanda zai ɗora daga inda na tsaya, tambayar da ta rage ita ce ko VIP36 da amiles suna manne da juna da gaske a wannan naman, kuma wannan sai an niƙa gilan an jawo VIP36 da antibodi an duba ko amiles ya biyo shi, sannan a sa Endo H mai yanke sarƙar mannos a ga ko mannewar ta rabu. Wannan aikin ba ya yiwuwa da naman da ya shiga farafomaldehaid, ɗanye ake so. Kowane ɓera farotid biyu gare shi, dama da hagu, don haka tun a fom ɗin kwamiti ka rubuta cewa ɗaya zai shiga kaki ɗaya kuma za a daskarar da shi nan take, ka kuma nemo lab mai firizar -80 ka yi magana da su kafin ranar fiɗa, ka ji nawa suke karɓa a wata da kuma abin da suke yi in wuta ta daɗe ba ta dawo ba.